Tattaki, Ƙwallo ko Gidan Ɗaga Ƙarfe: Da Wanne Unguwa Za Ta Fara?

Wata Asabar bayan La'asar, a zauren mai unguwarmu a Tudun Wadar Zariya, an kusa awa biyu ana ja-in-ja a kan 'yan kuɗin da ƙungiyar unguwa ta tara. Abin da ya tayar da maganar ba ɓoyayye ba ne: a cikin shekara guda magidanta biyu a layinmu sun yanke jiki sun faɗi, ɓarin jikinsu ya shanye, kuma babu wanda ya kai sittin a cikinsu. Samari suka ce a sa kofi, a saya musu jesi da ƙwallaye. Ma'aikatan cikinmu suka ce a kama shago a zuba ƙarafa, a buɗe gidan motsa jiki irin waɗanda ake gani a Sabon Gari da Samaru. Kawuna, tsohon malamin firamare, ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ni a ganina a riƙa fita tattaki bayan sallar Asuba. Ko kwabo ba sai an kashe ba." Wasu suka yi murmushi, aka wuce maganarsa kamar bai yi ba.

Duka ukun na taɓa su da jikina, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki. Shekara huɗu da suka wuce na shiga wani kemis sayen maganin ciwon kai, mai kemis ɗin ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, bari in gwada jininka tukuna." Na'ura ta nuna 156 bisa 98. Ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun, kusan haka ta sake nunawa. Da na je asibiti likita ya tabbatar da hawan jini ne, ya ɗora ni a kan magani, ya ce in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Tun daga ranar nake neman irin motsa jikin da zan iya zama da shi.

Kafin a fara awo, a san mudun. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan aƙalla kwana biyu a mako ya yi abin da ke ƙarfafa tsoka. Yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 ake so su samu kowace rana. Gane bambancin ba wuya: idan kana yi kana iya hira amma ba za ka iya jan karatu ko rera waƙa ba, matsakaici ne, idan kalma biyu ko uku kake furtawa sai ka ja numfashi, ya zama mai tsanani. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya, wajen mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan mudu ba, kuma a wani ƙiyasinta na 2016, a cikin 'yan shekara 11 zuwa 17 fiye da kashi 80 ne suka gaza cika nasu mudun. Abin lura shi ne mudun nan na mako ne, wannan makon da na gaba da na bayansa. Don haka duk wanda zan auna a cikin ukun, tambayata ɗaya ce: mutum nawa ne za su iya ci gaba da shi bayan wata uku?

Bari in fara da shawarar Kawu, tunda ita aka raina.

Minti 150 ɗin nan, idan ka raba shi, rabin awa ne sau biyar a mako. Mai tafiya da ɗan hanzari yakan ci kilomita biyu da rabi zuwa uku a wannan lokaci. In kana so ka san ko saurinka ya isa, ƙirga takunka na minti ɗaya. Idan ya kai wajen ɗari, ka shiga sahu. Kada zancen taku dubu goma ya karya maka gwiwa, domin asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a shekarun 1960, kuma amfani yana farawa tun kafin a kai can. Yadda abin yake aiki kuwa, tsokar cinya da ta ƙwauri idan suna motsi sukan zuƙi sukarin da ke cikin jini su ƙona, shi ya sa ake son mai ciwon suga ya ɗan zaga bayan cin abinci maimakon ya miƙe a tabarma. Hanyoyin jini su ma sukan saki, har awon mai hawan jini ya sauka da maki kamar biyar zuwa takwas idan ya dage. A ido kaɗan ne, amma ga wanda awonsa ke bakin 140 bisa 90, iyakar da ake fara kiransa hawan jini, ba ƙaramin abu ba ne.

Babban abin da tattaki ya fi sauran da shi a garin nan shi ne ya riga ya samu lokacinsa. Mutumin da ya saba fita jam'in Asuba ya ci rabin yaƙin: ya tashi, ya yi alwala, yana waje, ga abokan tafiya a sahu ɗaya da shi. Abin da ya rage ya ajiye silifas ya sa kambas. Mu uku muka fara, ni da Kawu da wani tela. Mukan fito masallaci gari bai gama wayewa ba, mai shayi yana hura wuta, mai ƙosai tana jera itace, mu miƙe wajen unguwar Kongo mu juyo. Makon farko Kawu yakan tsaya sau biyu, ya dafa bango, ya ce, "Ku dakata mini, ɗana, ƙirjin nan ba na jiya ba ne." Zuwa mako na shida shi ne a gaba, carbi a hannu, mu muna bin sa. Ranar da barci ya so ya rinjaye ni bayan sallama, sanin cewa mutum biyu suna tsaye a ƙofar masallaci suna jirana shi ke tashe ni.

Amma tattaki yana da nasa cikas, kuma ban ga amfanin ɓoye su ba. Yawancin titunanmu ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, kai da ɗan acaba da keke napep duk hanya ɗaya ce, don haka da zarar ƙarfe bakwai ta yi an rasa natsuwa. Da duhu kuma ba a so mutum ya fita shi kaɗai, ko ya bi lungun da bai sani ba. Ga kuma idon jama'a. Magidanci mai ɗan rufin asiri ba zai yi taku ɗari ba sai wani ya taka birki ya ce, "Alhaji, lafiya? Mota ta lalace ne? Hau in sauke ka." Kirki ne ya sa, amma ya hana mutane da yawa fita. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan kunya ta ragu, don yanzu har manyan ma'aikata suna takawa. Cikas mafi girma dai shi ne samari ba sa zuwa. Ɗan shekara sha bakwai ba zai bar barcin safe don ya bi dattawa suna hirar farashin taki ba, kuma ko ya bi, tafiyar ba za ta ishi jikinsa ba.

A nan ne ƙwallo take da bakin magana. Ba a roƙon saurayi ya buga ƙwallo. Je ka kowane filin makaranta daga Gyallesu zuwa Kofar Gayan bayan La'asar, za ka tarar an kafa duwatsu biyu a matsayin raga, ƙura na tashi. Gudun da yaro zai yi a awa ɗaya yana bin ƙwallo, da za ka ce ya yi shi haka kawai a titi, ba zai kai rabi ba. Motsa jiki ne mai tsanani, yana gina zuciya da huhu da ƙashi, yana kuma cike wannan lokaci na tsakanin La'asar da Magariba wanda iyaye suka fi jin tsoronsa saboda majalisun shaye-shaye. Wanda ya taɓa ganin yadda kyaftin ɗan shekara ashirin yake tsawata wa yaransa su zo atisaye a kan lokaci ya san akwai tarbiyya a ciki. Zariya ma shaida ce a kan abin da fili da mai koyarwa suke haifarwa: Masai Ujiri, wanda yake shugabantar ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019, a garin nan ya tashi, a nan ya fara ƙwallon kwando a hannun wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson.

Sai dai abin da samarinmu suka nema kofi ne, kuma kofi daban, buga ƙwallo daban. Na tsaya a bakin fili a gasar unguwa ta bara na ƙirga da idona: mutum ashirin da biyu a ciki, fiye da ɗari a waje suna zaune a kan babura suna shan rake. Gasar ta kifa-ɗaya-ƙwala ce, rabin ƙungiyoyin wasa ɗaya suka buga aka fitar da su. Cikin mako uku an gama, an raba kyauta, jesi sun koma kayan zuwa gidan kallo. Kuma wa ake zaɓa? Gwanaye, waɗanda da ma kullum suna fili. Yaro mai jiki, da mai saurin haki, da wanda ya wuni a kan waya, wato ainihin waɗanda aka tara kuɗin dominsu, ba mai sa sunansu a takarda. Ban ma taɓo rigimar alƙalin wasa ba, wadda takan bar unguwa biyu ba sa ga-maciji har wata shida.

Ga magidanci kuwa, ƙwallo tana da haɗarin da ya kamata a faɗa ƙarara. Mutum ya shekara goma sha biyar bai yi gudu ba, teɓa ta fito, ran Lahadi ya ga yara suna bugawa, zuciya ta tuna masa da ƙuruciya, ya tuɓe riga ya shiga. Zuciyar da ba ta saba ba aka ɗora mata gudu na farat ɗaya, a nan ne akan samu faɗuwa. Ni Allah ya taƙaita, a gwiwa abin ya tsaya mini: na juya a kan busasshiyar ƙasar rani mai tauri kamar siminti, na ji ƙas, na yi wata biyu ina sallah a zaune. Wata biyun nan ko tattakin ban yi ba, awon jinina ya koma inda ya fito.

Duk wannan gyaruwa yake yi, in an sauya tsarin. A raba babban fili gida uku, a riƙa buga biyar-biyar da ƙananan raga, minti goma-goma, wanda aka ci ya fita wasu su shiga, ta yadda duk wanda ya zo sai ya taɓa ƙwallo. A ware rana biyu ko uku a mako, shekara ta zagayo ana yi. A tilasta ɗumama jiki kafin a fara. Akwai tsarin da ake kira FIFA 11+, na minti ashirin, wanda bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ana samun bidiyonsa kyauta a intanet. Dattawan da ƙafarsu ke ƙaiƙayi su ma akwai tasu: ƙwallon tafiya, wadda aka hana gudu da banka a cikinta, an daɗe ana buga ta a Ingila don waɗanda suka haura hamsin.

Gidan ɗaga ƙarfe shi ne na fara gwadawa, kuma shi ne na fi saurin bari. Na biya kuɗin wata uku a wani wuri mai kyau, masu wurin ba su rage ni da komai ba, amma zuwana bai kai goma ba. Sai na tashi aiki, na hau abin hawa zuwa, na hau dawowa, ga Magariba ta kawo kai, ga cefane. Idan mutum ɗaya mai albashi ya kasa, ina ga unguwa? Kuɗin haya duk shekara, man janareto, gyaran na'urar da ta tsaya, wanda zai riƙe makulli, da mai koyarwa wanda ya san aikinsa. In babu na ƙarshen nan, abin da za a samu shi ne samari suna gasar wa ya fi ɗaga nauyi har wani ya ɓalla baya, wasu kuma su faɗa shan ƙwayoyi da allurar kumbura ƙwanji, masu tayar da hawan jini su lalata hanta. Shago ɗaya kuma mutum nawa zai ɗauka a lokaci guda? Wanda gidan motsa jiki ya dace da shi shi ne mai ƙarfin biya, wanda wurin yake kusa da gidansa ko wurin aikinsa, kamar ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello da ke zaune a Samaru.

Duk da haka masu wannan shawara sun riƙe gaskiya guda, wadda tattaki bai cika ta ba: ƙarfin tsoka. Tsoka takan fara zaizayewa a hankali tun daga tsakiyar shekaru, shi ya sa wata rana za ka ga dattijo ya kasa miƙewa daga sujada sai ya dafa ƙasa da hannu biyu. Kwana biyun nan na ƙarfafa tsoka ba ado ba ne. Sai dai ba sai da shago ba. Zauna a benci ka miƙe ba tare da dafawa ba, sau goma, ka huta, ka sake. Dafa bango ka tura jikinka baya da gaba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita goma nauyin kilo goma ce a tsakar gidanka. Mu a ƙarshen tattakin Talata da Juma'a muke ƙara minti goma na irin wannan a dakalin ƙofar gidan tela. Waɗanda suka haura 65 ana so su haɗa da koyon tsayuwa daram, kamar tsayawa da ƙafa ɗaya kusa da bango, saboda gudun faɗuwa.

Keke ba a ambace shi a zauren ba, alhali ga mai ƙiba ko mai ciwon gwiwa ya fi tafiya sauƙi, tunda sirdi ne ke ɗauke da nauyin, kuma yana kai mutum kasuwa ko wurin aiki ba tare da ya ware wani lokaci ba. A dai kiyayi babban titi wajen Kwangila da Ɗanmagaji, inda manyan motoci ba sa ganin mai keke.

Da na koma gida daren taron na ba uwargidana labari, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Malam, mu fa? A cikin ukun nan wanne ne namu?" Na rasa amsa. Gaskiyarta: rabin unguwa mata ne, hawan jini da suga da ciwon gwiwa ba su bar su ba, amma ba wanda ya tuna da su a zauren. Iyayenmu mata sun yi daka da niƙa da jan guga, jikinsu ya samu rabonsa ba tare da an sa masa suna ba. Yau inji ya karɓi niƙa, famfo da 'yan garuwa sun karɓi ruwa, sana'o'in cikin gida da yawa kuma, ɗinki ne ko saƙa ko ƙulla kaya a leda, a zaune ake yin su. Shara da wanki suna shiga lissafi, amma sau da yawa ba sa kai mudun.

Matar aure a unguwa irin tamu ba za ta bi maza titi da asuba ba, ba za ta shiga fili ko shagon samari ba, kuma duk shirin da bai san da haka ba a takarda zai ƙare. Abin da take bukata wuri ne mai katanga da mace mai jagora. Harabar Islamiyya ko ta firamare da safiyar Asabar da Lahadi ta wadatar: a rufe ƙofa, a zaga fili da hanzari rabin awa, a yi zauna-miƙe a benci, 'yan mata su yi tsallen igiya da 'yar gala-gala da gaɗa, waɗanda duk motsa jiki ne na gaske. Sauran ranakun kowace ta cika a tsakar gidanta, ko da minti goma-goma ne, don ƙa'idar ta ce duk motsi ana lissafa shi. Mai juna biyu ma minti 150 ɗin ake so ta samu, matuƙar ba a hana ta a wajen awo ba. Maigidan da yake ɗari-ɗari kuwa a tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda.

Yanayin garin nan ma yana da nasa hukunci a kan kowanne. Da hunturu ƙurar asuba takan tayar wa mai asma ciwo, gara ya jira rana ta ɗaga ko ya sa takunkumi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, tattakin asuba ne ke cin riba, 'yan ƙwallo kuwa sai sun jinkirta zuwa biyar, da ruwan sha a bakin fili. Da azumi mukan mayar da fita bayan Tarawihi. Kuma ko wanne mutum ya zaɓa, idan ya haura arba'in, ko yana da hawan jini ko suga ko ciwon zuciya, ya fara gwada jininsa ya ji ta bakin likita. Wanda ya ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko haki da ya wuce misali, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Mai suga ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa in ya dawo, ya riƙe dabino a aljihu saboda faɗuwar suga. Kada kuma wani ya ga awo ya yi kyau ya ajiye maganinsa da kansa. Ni har yau ina shan nawa.

A zama na biyu na faɗi ra'ayina, kuma shi nake ba duk unguwar da ta tsinci kanta a irin wannan zaɓi. Manya, maza da mata, su fara da tattaki, don shi ne mafi yawan mutane za su iya riƙewa, kuma shi ne mafi ƙarancin rauni. Samari a bar musu ƙwallonsu, amma a ba su ta mako-mako, kofi ya zo daga baya ga waɗanda suka fi halarta. Shago a jingine shi sai an samu mai koyarwa da hanyar biyan haya. Samarin ba su ji daɗi ba da farko. Kyaftin ɗinsu ya ce, "Baba, wato mu ba za a saya mana jesi ba ke nan?" Mai unguwa ya ce masa a kawo littafi, duk wanda sunansa ya fito sau ashirin cikin wata uku, jesinsa na nan.

Kuɗin da aka tara an sayi na'urar gwada jini guda biyu, ɗaya tana masallaci a hannun wani ma'aikacin jinya da ke sallah tare da mu, ɗaya tana wajen mata. An sayi ƙwallaye huɗu, maƙeri ya haɗa ƙananan raga shida, an yanko igiyoyin tsalle, an ware ɗan abin da za a riƙa ba maigadin makaranta. Masu fita da asuba yanzu mukan kai goma sha biyu, wata rana mu koma biyar. Damina ce ta fi ba mu wuya, don ruwan safe ya sha watsa mu, filin ƙwallo kuma yakan kwana biyu da taɓo. Kawu ya je ya ga hedimasta a kan a bar mana dogon barandar azuzuwa mu riƙa kai-komo a ciki ranar da aka tashi da ruwa, an ce ya dawo ran Litinin.